Na zo ta ɗaya a tseren keke amma kuɗina ko rabin na namijin da ya zo na uku bai kai ba, haka abin yake ko'ina?

Ƴar Kinkinau:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah tambaya ce dani, abin ya tsaya min a rai tun ranar asabar ko baccin kirki bana samu, kuma a gida ba zan iya tada maganar ba don ina buɗe baki za a ce ai dama mun faɗa miki.

Ni ina tseren keke, shekara uku kenan da na ɗauki abin da gaske. Da keken yayana na koya tun ina firamare, daga baya na tara kuɗin ɗinkin hijabai da nake yi na sayi keken tsere na gwanjo, ba wani mai tsada bane amma wlh ina ji dashi sosai. Sai da aka yi wata shida ana fama kafin Baba ya yarda, shima da sharaɗi biyu, ba zan fita ba sai da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan hijabi a ƙarƙashin hular kwano, sannan dole yayana ya biyo ni a mashin. Duk na amince. Sau huɗu a sati ana sallame asuba muke fita, mu ratsa garin Kaduna kafin ƴan napep su cika titi mu hau titin Yakowa, in lokacin hunturu ne yatsuna har ƙagewa suke a kan birki, ƙura ta cika min hanci, ga tifofin yashi da suke wuce mutum kamar za su kwashe shi, ga masu tsayawa su bi ki da kallo su faɗi maganar da ba zan iya rubutawa a nan ba. Ban taɓa fashi saboda ɗaya daga cikin waɗannan ba.

To ranar asabar ɗin da ta wuce wasu suka shirya tsere, ba zan kama sunansu ba don ba tonon silili na zo yi ba. Kilomita 60 ne, maza da mata hanya ɗaya, tuta ɗaya aka ɗaga mana, kuɗin fom ma ɗaya, naira 5,000 kowa. Mu mata mu tara ne, maza sun haura sittin. Na zo ta ɗaya a mata, kuma yayana da yake tsaye a bakin layi yana ƙirgawa yace maza sama da ashirin na bari a baya. A kilomita goma na ƙarshe ƙafata ta dama ta riƙe, ruwan gorata ya ƙare, leɓena ya tsage har ina jin ɗanɗanon jini, ina ta hasbunallahu a zuci ina taka feda don nasan ta biyun tana bayana ba nisa.

Da aka zo bada kyauta aka kira maza, na ɗaya dubu 500, na biyu dubu 300, na uku dubu 200, har zuwa na goma kowa da abin da ya samu, ga ƙaton cak ɗin nan na kwali ana ta ɗaukar hoto da manyan baƙi. Ana gama nasu baƙin suka miƙe suka shiga motocinsu. Mu sai da aka fara naɗe rumfa ana tara kujeru sannan aka kira mu, wani ya miƙo min ambulan a tsaye yace sannu da ƙoƙari. Na buɗe a hanya, dubu 80. Ta biyu dubu 50, ta uku dubu 30, sauran shidan ko kuɗin mota ba a basu ba, kuma akwai wadda tun daga Kafanchan ta taho ta kwana a gidan ƴan uwa.

Nasan dubu 80 kuɗi ne a wannan marra, ban raina ba, Allah ya gani. Amma tudun da suka hau shi na hau, ranar da ta dake su ita ta dake ni. Tambayata ita ce, a ƙasashen da suka ɗauki keke sana'a ma haka ake yi wa mata? Kuma in je in samu masu shiryawar in yi magana ne ko in ja bakina in yi shiru kar a ce na cika ƙorafi a daina kiranmu gaba ɗaya? Don akwai wadda tace min in na yi magana baɗi cire ɓangaren mata kawai za su yi.

Abban Sadiq, Malali:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko barka, kilomita 60 ba wasa bane, ni da nake hawa keke don motsa jini kawai in na yi 25 sai na wuni a kwance. Na fi shekara goma ina bin tseren Turai a talabijin da waya, bari in gaya miki abin da na sani.

Amsar tambayarki ta farko ita ce eh, can ma an yi, kuma har yau ba a gama fita ba. Akwai wani tsere a arewacin Faransa da ake kira Paris-Roubaix, ana bi ta tsofaffin hanyoyin gona da aka shimfiɗa da duwatsu, keke na ta karkarwa kamar zai wargaje. Maza sun fi shekara ɗari suna yi tun 1896, mata sai a 2021 aka fara yi musu. Wadda ta ci na farkon ƴar Ingila ce, Lizzie Deignan, ta ɓalle ita kaɗai ta yi sama da kilomita 80 ba wadda ta kamo ta, ga taɓo ga santsi, da ta iso aka ga jini a kan keken inda take riƙewa don tafin hannunta duk ya sale. Kinsan nawa aka bata? Yuro 1,535. Washegari namijin da ya ci, Sonny Colbrelli, ya karɓi Yuro 30,000. Kusan ninki ashirin. Sai kulob ɗinta ne ya ciko mata sauran daga aljihunsa. A farkon wannan shekarar dai a Beljiyam an yi irinsa a tseren Omloop, Anna van der Breggen wadda a lokacin ita ce zakarar duniya ta samu Yuro 930, namijin Yuro 16,000.

To amma ga inda nake so ki duba, wanda shine amsar tambayarki ta biyu. Ba a yi shiru ba. Da alƙaluman nan suka fita duniya ta gani aka yi ta magana, ƴan jarida, masu kallo, su kansu matan, shekara na zagayowa a 2022 kyautar ta ɗaya a Paris-Roubaix ta tashi zuwa Yuro 20,000, kuma masu shirya babban tseren Flanders na Beljiyam suka daidaita kuɗin mace da na namiji a wannan shekarar. Ba a cire ɓangaren mata ba, ƙara girma ma yayi.

Tour de France kuwa wanda shine uban duka, nan giɓin yake har yanzu. Namijin da ya ci yana tafiya da Yuro 500,000, macen da ta ci Yuro 50,000. Kuma ki sani shi kansa na matan sai da aka yi gwagwarmaya kafin a dawo dashi. An taɓa yi daga 1984 zuwa 1989 aka watsar, sai a 2013 wasu mata huɗu cikinsu har da Marianne Vos ta Holan suka rubuta takardar koke dubban mutane suka sa hannu, a 2014 aka basu tseren kwana ɗaya tal, suka karɓa suka cigaba da matsawa, sai 2022 aka fara na kwana takwas, a 2025 ya koma tara. Kin ga daga takarda zuwa samun abin shekara tara aka ɗauka.

Ni dai shawarata ki yi magana. Amma ba ke kaɗai ba.

Dan Barnawa:

Ni dai zan faɗi gaskiyata ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Na taɓa shiga kwamitin shirya gasar ƙwallo ta unguwa, nasan yadda kuɗin nan yake zuwa, ba daga sama yake faɗowa ba. Malama ki duba lissafin da ke da kanki kika kawo, maza sittin kowa ya biya 5,000, dubu 300 kenan, ku tara kuka biya dubu 45. Ku ukun farko kun kwashi dubu 160, wato kusan ninki huɗu na abin da kuka zuba. Ta wannan fuskar ai ba a cuce ku ba. Kuma wanda ya doke mutum sittin da wadda ta doke mutum takwas ba za a ce aikinsu ɗaya ba, wannan ba raini bane.

Sannan kamfanin da ya sa kuɗinsa talla yake nema, inda ido yafi yawa nan zai zuba. Abban Sadiq ka kawo maganar Tour de France amma baka faɗa mata cewa maza zango 21 suke yi cikin sati uku ba, sama da kilomita 3,000, mata kuma tara. Ya za a yi kuɗi ya zo ɗaya?

Inda nake tare dake ɗari bisa ɗari shine maganar ambulan da naɗe rumfa. Wannan kam wulaƙanci ne, ba shi da alaƙa da kuɗi, kiran mutum uku su hau dandamali a gaban baƙi ko sisi ba zai ci ba. In da ni ne a kwamitin da na nemi afuwarku. Amma batun a daidaita kuɗi, ku fara yawa tukun, in kun kai talatin ba wanda zai iya kallon idonku ya baku dubu 80.

Maman Ilham, Kawo:

Malam Dan Barnawa to ta yaya za su yi yawa? Wace uwa ce za ta bar ƴarta ta kashe kuɗin keke da na taya ta fita titi da asuba tana jin zagi, sannan ta ga wadda ta fi kowa ma an miƙa mata ambulan a bayan rumfa? Kun ce sai sun yi yawa za a basu, su kuma ba za su yi yawa ba sai sun ga ana bayarwa. Wani ne dole ya fara, kuma mai kuɗin ne ya kamata ya fara ba yarinyar da take ɗinkin hijabi ba. Ni ƴata shekararta goma sha biyu kullum tana kan keken ƙaninta a tsakar gida, na karanta mata wannan rubutun wlh idonta ya ciko.

Abban Sadiq, Malali:

Dan Barnawa maganarka ta zango gaskiya ce, amma mu yi lissafin har ƙarshe. Raba 500,000 gida 21, kowace rana ta tashi kusan Yuro 24,000. Raba 50,000 gida tara, bata kai 6,000 ba. Ko da kwana-kwana aka biya an ninka ta sau huɗu. Kuma ba matan ne suka ce kwana tara suke so ba, masu shiryawa ne suka yanka musu.

Lissafin fom ɗin ma ka duba shi da kyau, maza ukun farko kaɗai sun kwashi miliyan ɗaya, fom ɗinsu gaba ɗaya dubu 300, ban ma sa na huɗu zuwa na goma ba. Kenan suma ba kuɗin fom ɗinsu aka raba musu ba, kuɗin mai talla ne, kuma mai talla da sunan tseren gaba ɗaya ya bayar, ina da tabbacin hoton matan nan za a sa a gaba in an tashi nuna cewa an yi taro mai kyau.

Batun ido kuma, ai ba a kallon abin da ba a nuna ba. Shekara da shekaru tseren mata ba a haska shi kai tsaye, sai a ce ba masu kallo. Da aka fara haskawa fa? Wanda ya kalli ranar ƙarshe ta Tour de France na mata na 2024 a kan dutsen Alpe d'Huez ba zai manta ba, bayan kwana bakwai ana fafatawa Kasia Niewiadoma ta Folan ta ci da tazarar daƙiƙa huɗu kacal a kan Demi Vollering, ta faɗi a kan kwalta tana haki bata ma san ta ci ba sai da aka gaya mata. Ni a tsaye na ƙarasa kallon a falo. Akwai ma abin da ya faru a 2019 a Omloop ɗin nan, an saki maza da minti goma kafin mata, wata ƴar Suwizalan Nicole Hanselmann ta taka har ta cimma motocin da ke bin bayan maza, sai aka tsayar da ita da sauran matan a bakin hanya aka ce su jira maza su yi nisa, jikinta yayi sanyi, da aka sake su ta ƙare can baya. Irin wannan ne yake sa in aka ce mata basa jan kallo nake cewa a bari su yi tukun.

Anti Malama, Unguwar Rimi:

Ƴata sannu, Allah ya yi miki albarka. Na koyar da wasannin motsa jiki a makarantar ƴan mata shekara ashirin da shida kafin in yi ritaya, kuma ina cikin malaman da suka yi aikin sa kai lokacin da Kaduna ta karɓi gasar wasanni ta ƙasa a 2009, na ga yaranmu mata a filin Ahmadu Bello da Murtala Square da idona. Abin da na lura dashi tun lokacin shine in aka zo teburin lambobi, zinaren mace da zinaren namiji ɗaya ake ƙirga su, ba a taɓa cewa jiha ta samu rabin zinare don mace ce ta ciyo ba. In jiha za ta yi alfahari dake cikakkiya to a biya ki cikakkiya. Wannan shine ra'ayina kuma ba yau na fara faɗa ba.

Amma bari in gaya miki abin da yafi kuɗin kyauta ci min rai. Yaran da na koyar masu gudu kamar barewa, ba ƙaramar kyauta ce ta fitar dasu daga wasa ba, yawancinsu basu ma kai wajen kyautar ba. Wata takalmi ne babu, wata kuɗin motar zuwa atisaye, wata kawunta ne ya zo yace abin kunya ne, wata aure ya zo mijin yace a'a, shikenan. Na sha zuwa gidaje in zauna a tabarma in roƙi iyaye, wani lokaci in tuna musu cewa Manzon Allah SAW da kansa ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta wuce shi a karon farko, daga baya shi ya wuce ta. Ni ba malamar fatawa bace, amma nasan motsa jiki cikin sutura da kamun kai ba abin da za a kori yarinya a kansa bane. Don haka mahaifinki da yayanki da yake tashi da asuba ya bi ki a mashin, ki riƙe su da kyau, ki yi musu addu'a, irinsu ba su da yawa.

Kuma kar ki ɗauka abin nan ya fi ƙarfin ƴar Najeriya. Kin san Ese Ukpeseraye ai, ƴar jihar Delta, ita ta ci tseren titi na mata na Afirka gaba ɗaya a Accra a 2023, kuma ita ta wakilce mu a keke a Olamfik na Paris a 2024. A can ɗin aka ce ta samu gurbi a tseren cikin fili a ƙurarren lokaci, ba ta da keken da ya cika ƙa'idar irin wannan tseren, sai tawagar Jamus ce ta ara mata. Zakarar Afirka guda da keken aro. Ranar da na ga labarin na rasa me zan ji, daɗi ko baƙin ciki. Ga filin tseren keke nan a babban filin wasa na Abuja tun wasannin Afirka na 2003, daga nan jirgin ƙasa ɗaya ne daga Rigasa, amma ƴan matan Kaduna nawa ne suka taɓa ɗora taya a kansa?

Yanzu ga yadda za ki yi. Kar ki je da fushi, kar ki je ke ɗaya, kuma kar ki fara da Facebook. Ki nemo lambar sauran takwas ɗin har da ta Kafanchan, ku rubuta takarda ɗaya ku sa hannu duka. Ku fara da godiya don sun buɗe muku ƙofa. Sannan ku nemi a rubuta kyautar kowa a jikin fom tun kafin a biya kuɗi, a kira mata a gaban baƙi lokaci ɗaya da maza, kuma na ɗaya zuwa na uku a daidaita. In sun ce masu yawa sun fi, ku ce kun yarda maza a biya har na goma ku a tsaya a ta biyar, wannan adalci ne kuma ya amsa maganar Dan Barnawa. Ku kuma ku ɗau alkawarin kawo mata ashirin baɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun yanzu za ku kai kafin su zauna da masu basu kuɗi. In kuna so in raka ku zan raka ku, furfura tana da amfaninta a irin wannan zama.

Mai Gyaran Keke, Tudun Wada:

Salam. Ni ban iya dogon rubutu ba amma sana'ata ce shekara sha tara. Abin da zan ce shine a shagona babu farashin mata. Kaca kuɗinta ɗaya, tayar keken tsere siririyar nan kuɗinta ɗaya, tub, robar birki, wayar giya, boris, duk ɗaya, kuma tunda dala ta tashi komai ya ninka don ba a yinsu a nan. Mai fita sau huɗu a sati a titunan nan namu da ramuka da fasassun kwalabe, faci sai ya gaji ya ƙi kamawa, dole ta canza taya, kacar ma tana miƙewa in ba a canza da wuri ba ta cinye haƙoran giya a shiga babban kashe kuɗi. Dubu 80 ɗin nan in ta sayi taya biyu masu kyau da kaca ban ga abin da zai rage mata na kirki ba. Shi kuwa mai dubu 500 zai iya sauya keke gaba ɗaya, baɗi ya dawo ya fi bana gudu, ita ta dawo da wanda ta zo dashi bara. A haka tazarar take ƙaruwa sai a ce mata basa cigaba.

Wani abu kuma, kekunan gwanjo da ake kawowa yawanci manya ne na dogayen maza. Na sha ganin yarinya ta sayi wanda ya fi ƙarfinta tana miƙa hannu da ƙyar ta kamo birki, bayan wata biyu ta zo tana kukan baya da gwiwa. Ƙanwata riƙewar ƙafar nan da kika ce, bayan rashin ruwa ki sa a duba miki tsayin sirdi. Ki zauna ki ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, in ƙafar ta miƙe daidai ba tare da kin karkata ƙugu ba to ya yi, in gwiwa ta lanƙwashe sosai yayi ƙasa. Kuma ki ƙara wajen gora na biyu, kilomita 60 a ranar Kaduna gora ɗaya bata isa.

Dan Barnawa:

Anti Malama wannan tsarin naki na yarda dashi, uku na farko a daidaita, zurfin biyan ya bi yawan mutane. Da haka aka kawo min tun farko ba zan yi musu ba. Kuma maganar mai gyara ta shige ni, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Abu ɗaya zan ƙara tunda na zauna a kwamiti, ku sa kwafin takardar ya isa hannun wanda ya bada kuɗin ba masu shiryawa kaɗai ba, sau da yawa shi bai ma san yadda aka raba ba, jimla kawai aka kai masa ya sa hannu.

Ƴar Kinkinau:

Wlh na rasa bakin godiya, na karanta komai har sau biyu. Yaya Abban Sadiq na je na nemo hoton matar nan da jinin a kan kekenta na daɗe ina kallo. Na kuma ga cewa a 2025 an yi gasar keke ta duniya a Kigali ta Ruwanda, karon farko a Afirka, kuma a shekarar wata ƴar tsibirin Morishus Kim Le Court ta sa rigar nan mai ruwan ɗorawa, wadda ake ba wadda take kan gaba, a Tour de France na mata, ban san duk wannan ba, na zauna ina ganin kamar mu kaɗai ne a duniya muke wannan wahalar.

Malam Dan Barnawa ban ji haushin maganarka ba, gara da ka faɗa don nasan ita za a faɗa mana a can, yanzu mun san amsar da za mu bayar. Mama ki gaida min Ilham ki ce mata kar ta sauka daga keken nan, in kin yarda duk ranar lahadi da yamma muna da fili da muke koya wa yara a cikin wata makaranta, ba titi bane, akwai katanga kuma mata ne zalla.

Na kira biyar a cikin takwas ɗin daren jiya, huɗu sun yarda nan take, ɗaya tace sai ta tambayi mijinta tukun, ta Kafanchan ɗin har kuka ta yi a waya tace ita rancen kuɗin mota ta yi ta zo kuma har yau bata biya ba, na tura mata dubu goma daga cikin nawa. Sauran ukun ina neman lambarsu wajen wanda ya rubuta sunayenmu ranar. Daga ƙarshe dai na gaya wa Baba komai yau da safe bayan ya karya, na zata zai ce a bar keken haka, sai yayi shiru can yace in kawo takardar ya gani kafin mu kai, kar mu sa kalmar da za ta zama rashin kunya ga manya.

Anti na turo miki saƙo ta ciki, in Allah ya kaimu alhamis bayan la'asar zan zo da abin da muka fara rubutawa ki gyara mana. Malam mai gyara na gwada abin dunduniyar nan a soro yayana ya riƙe min keken, sirdin yayi ƙasa da kusan yatsa biyu, mun ɗaga, gobe da asuba zan ji yadda ƙafar za ta yi.